Motar Teik Soon Mai Ƙofa Huɗu

"Miƙo hannu mana, Ah Chi. Kin tsaya kina kallona sai ka ce an kawo wasan biri unguwa."

Phaik Im ta jingine tsintsiyarta da katanga, ta tsallako ƙofar gidan maƙwabcinta. Teik Soon na cikin jar motarsa, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, ya kasa gaba ya kasa baya. Motar 'yar Italiya ce, kujera biyu rak, ga ta a ƙasa kamar tabarma. Mai shigarta sai ya yi kamar zai kwanta, mai fita kuwa sai da lafiyayyen ƙashin baya, abin da Teik Soon ya rasa tun bara.

"Shekara sittin da huɗu, kana cusa kanka a kwalin ashana," in ji ta. Ta kama hannunsa ta ja.

Ya taso da sauƙin da ya ba ta tsoro. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana saɓa ƙanƙara a kafaɗa, har ya mallaki kamfanin ƙanƙarar da ke ba rabin masuntan Penang, yau shi ne tsohuwa 'yar saba'in ta ɗaga da hannu ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga babbar motar dillali ta shigo layin da baya-baya.

"Zagayen ƙarshe na je na yi," ya ce. "Na ba da ita. Na karɓi Bajamushiya mai ƙofa huɗu."

"Kai?"

"Kada ki yi murna da yawa. Ita ma tana gudu, ba ta dai cika baki ba ne."

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce ta raba su, kuma tun ranar farko yake ce mata Ah Chi, wato yaya, don ta girme shi, ta kuma fi shi baki. Ta tsani jar motar nan tun zuwanta. Duk safiyar Lahadi sai ta tashe ta da ruri, kwanonin kicin na karkarwa. Amma tsanar Phaik Im wasa ce a kan ta Hooi Ling, 'yarsa tilo. Ya sayi motar ne a shekarar da matarsa ta kwanta ciwo. Ba ta iya lanƙwasawa ta shige ta, keken guragu ma ba shi da wurin zama a cikinta, don haka Hooi Ling ce ta riƙa kai uwar asibiti a tasi, motar uban na sheƙi a ƙofar gida. Bayan an yi jana'iza ta kwashe tagwayenta mata, lokacin ba su cika shekara biyu ba, ta koma Singafo wurin mijinta. Shekara huɗu ke nan ko hoto ba ta aiko ba.

Ya tsaya yana kallo aka ɗaure motar da sarƙa. Bai taɓa ta ba har ta sha kwana.

"Hooi Ling ta ɗauki wayata," ya ce. "Za su zo hutun makaranta, mako mai zuwa na sama. Na ce mata ni zan ɗauko su a filin jirgi da kaina. Ta yi dariya ta ce a kan rufi zan ɗora yaran?"

"Ka faɗa mata ka sayar?"

"Maganata ta daina shiga kunnenta, Ah Chi. Gara idonta ya gani."

Abin da ya saura masa a duniya ke nan: ya tsaya a bakin ƙofar fitowa ta filin jirgi, ya buɗe ƙofar baya, jikokinsa su shiga.

Kwana uku bayan haka ya leƙo ta saman katanga yana washe baki. Dillali ya bugo, mota ta kammala, ranar Alhamis zai je ya ɗauko. Phaik Im na tsinke wake a faranti. Ta ɗaga kai ta dubi jar kalandar wata ta gargajiya da ke rataye bayan ƙofarta, mai ganye ɗaya ga kowace rana, ta ƙirga da yatsa.

"Alhamis uku ga watan bakwai."

"To?"

"To me? Ka manta watan da aka shiga ne? An buɗe wa matattu ƙofa, suna yawo a titi da yunwa, kai kuma za ka fito da sabuwar mota ta zama tasu ta haya? Wa ka taɓa gani ya yi haka? Ko tarewa a gida ba a yi, ko aure."

"Haba, Ah Chi. Bajamushiya ce fa, ba ta jin yarensu."

"Yi ta raha. Ɗan ƙanwata ma haka ya ce, kwana tara ya shige bayan motar siminti."

"Ɗan ƙanwarki da yake tuƙi yana cin taliya?"

Ta ajiye farantin. Ta san inda za ta taɓa shi, kuma nan ta taɓa. "Kai in ka ga dama ka shiga, ranka ne. Amma yaran nan za ka ɗora a baya. In wani abu ya same su, da wane ido za ka kalli uwarsu karo na biyu?"

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana murza gefen katangar da babban yatsa. Phaik Im kuwa ta ji daɗi a ranta, irin daɗin wanda ya hana yaro taɓa wuta. Rigakafi ya fi magani, ta faɗa wa kanta, kwana ashirin da bakwai ai kamar gobe ne.

A gabanta ya buga wa Hooi Ling, ya buɗe muryar wayar don kunnensa ya yi nauyi.

"Ku ɗan ɗaga zuwan nan zuwa watan takwas. Lokacin bikin wata, ga fitilu, yara za su fi jin daɗi."

Hooi Ling ta ce, "Pa, na riga na sayi tikiti."

"Akwai dalili."

"Kullum akwai dalili. Dama na san za a rina." Ta kashe.

"Faɗa mata gaskiya mana," in ji Phaik Im.

"Za ta huce in ta gani."

Watan ya ci gaba da tafiyarsa. Kowace yamma mutanen layi na ƙona kuɗin takarda a bakin kwata, suna jera lemo da turaren tsinke ga baƙin da ba a gani. A filin kasuwa an kafa dandalin waƙa, an bar wa matattun layin kujerun gaba babu kowa. Phaik Im na kai masa kunun shinkafa da kifi kowace safiya, ta tarar da shi a kujerar kaba, a daidai inda jar motar take tsayawa a da. Ya ce ta riƙa kawo masa ganyen kalandar da ta yage, yana tara su ƙarƙashin kofin shayi.

"Ka rage ci."

"Ina rage tumbi ne, kada sitiyari ya tokare ni."

"Me likita ya ce game da bayan nan?"

"Ya ce sai na ga auren jikoki."

Ran sha tara ga wata Phaik Im ta same shi a ƙasa kusa da kujerar. A asibiti likitar ta ɗauka matarsa ce, ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye: ciwon daji ne, ya ci ƙashin baya ya kai hanta, kuma shi ya sani tun watan huɗu. Phaik Im ta nemi benci ta zauna. Ta tuna yadda ta ajiye farantin wake ta zaɓi maganar da za ta karya shi da ita, sai kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

"Don me ba ka faɗa mini ba?" ta tambaye shi a bakin gado. "Da na sani ai da kaina zan raka ka ka ɗauko ta."

"Shi ya sa. Da kin bar ni na ɗora su, ke kuma ki kwana kina ƙona turare."

"Mu je gobe."

"Ke da bakinki, Ah Chi?" Ya yi murmushi. "Maganarki gaskiya ce, ba zan sa su a haɗari ba. Saura kwana goma sha ɗaya. Na yi sittin da huɗu, sha ɗaya ne za su gagare ni?"

"Bari in kira Hooi Ling."

"A tsaye za ta gan ni, da makulli a hannu. Ba a kan wannan gadon ba. Ta ga isassun gadajen asibiti saboda ni."

Ya matsa sai da aka sallame shi. Ya ba ta wata farar ambulan ta ajiye masa, takardun motar ne, har da wadda ya sa hannu cewa ko ita ta je a ba ta, don ya ce hannunsa ya fara mantuwa. Kwana shida tana riƙe masa alkawari, tana kallonsa yana narkewa kamar ƙanƙara, hajarsa ta da. Ran ashirin da biyar da yamma ta kasa. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta buga waya Singafo. Hooi Ling ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Gobe da la'asar za mu sauka, Ah Ee." Haka take kiranta tun tana yarinya, wato inna.

Da safe Phaik Im ta tsallaka da kunu da ganyen kalanda, tana shirya yadda za ta faɗa masa ta saɓa. Yana kujerar kaba, ya yi wanka, ya taje kai, fuskarsa na kallon titi. Ta kira shi sau biyu. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta taɓa hannunsa, da sauran ɗumi.

Kafin azahar mutanen ƙungiyar zuriyarsu ta Yeoh sun zo, masu shirya gawa sun fara kafa rumfa a titi, an liƙe madubin falo da farar takarda bisa al'adar makoki. Ta riga ta sake bugawa Singafo ta faɗi abin da ya faru. Babu sauran aikin da ya rage mata sai zama da kuka. Maimakon haka ta ɗauki ambulan ɗin, ta tari tasi.

Dillalin, wani mai suna Loh, ya karanta takardar ya sake karantawa. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya rage murya.

"Ah Ee, yau fa ashirin da shida. Kwana huɗu kawai suka rage. Ga kuma rasuwa a gidan. Ni kaina ba zan so..."

"Waɗanda kake tsoron nan, mai motar yanzu ɗayansu ne. Ba ni makulli."

Baƙa ce, doguwa, ba ta da wani ado. Ya nuna mata inda ake dannawa. Phaik Im, wadda shekara ashirin ba ta wuce gudun keke a 'yar tsohuwar motarta ba, ta ɗan taɓa totur, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Ta taka birki har goshinta ya kusa dukan sitiyari. Daga nan ta kama gefen hanya, hannu biyu a ƙanƙame, manyan motoci na yi mata ham suna wucewa. Ba ta waiwaya baya ba ko sau ɗaya. Tana tafe tana yi masa faɗa a fili.

"Ka ce ba ta cika baki. Maƙaryaci. Ka ce sha ɗaya ba za su gagare ka ba."

Hooi Ling ta fito da baƙin tabarau, tana jan akwati ɗaya, 'yan mata biyu dogaye na biye da ita. Ta nufi layin tasi, sai ta ga tsohuwar tsaye jikin baƙar mota.

"Ah Ee? Motar wa kika aro?"

"Ta babanki ce. Ya ba da jar tun kafin watan nan ya kama. Wannan ya saya don ya ɗauko ku." Muryarta ta karye, amma ta ƙarasa, don ta yi niyyar ƙarasawa. "Tun uku ga wata take jiransa. Ni na hana shi ɗaukowa, na ce watan bakwai ne. Shi ya sa ya ce ku ɗaga zuwa. Ba shi ya ƙi ku ba. In za ki riƙe wani, ni za ki riƙe."

Hooi Ling ta cire tabarau. Ta dubi motar tun daga gaba har baya, leɓenta na motsi kamar mai ƙirga. Ta kama ƙofar baya ta buɗe.

Kujerun yara biyu ne ɗaure a ciki, sababbi, ɗaya ruwan hoda ɗaya ruwan ɗorawa, ko takardar shago ba a cire ba. Ɗaya daga cikin tagwayen ta hau, ta juya, ta yi ƙoƙarin zama. Kafaɗunta suka ƙi shiga.

"Ma, wannan ai ta jarirai ce."

"Kakanku bai san kun girma ba," in ji Hooi Ling.

Ta sunkuya ta kwance kujerar, ta fito da ita. Mai gadi na busa usur a matsar da mota, na baya na ham. Ita kuwa ta zauna a bakin dakalin titi, ta ɗora kujerar a cinya ta rungume, ta kifa fuskarta a ciki. 'Yan matan suka tsaya gefe da gefe suna kallonta, ƙofofin motar a buɗe.