Rigar da Aka Rage

"Inci uku a ƙugu, biyu a kafaɗa," in ji mai shirya wasan, ya ajiye shuɗiyar rigar a kan keken ɗinki. "Malamar firamaren nan za ta saka. Amma don Allah, Mama, kada Akawu ta ji."

Tela ta dubi rigar. Ita ta ɗinka ta wata biyu da suka wuce, a jikin maƙwabciyarta Akawu, wadda ta shekara talatin tana buga takardu a ofis, ba ta taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba sai da mijinta ya rasu, ɗanta ya yi nisa. Wasan na rawa da waƙa ne, 'yan unguwa ke shirya shi a zauren taro: fasinjoji suna jiran jirgin ƙasa da ya ƙi zuwa. A wasan, Akawu ce uwar da ke jiran ɗanta. Yau kwananta goma a kwance ba lafiya, wasa kuma ranar Asabar.

"Kullum sai ta tambaye ni," in ji tela.

"Ki ce muna jiranta. Marar lafiya ba a faɗa masa abin da zai karya masa zuciya."

Haka kowa ke cewa, galibi masu lafiya. Tela ta sa almakashi.

Washegari da la'asar ta leƙa wajen Akawu. Ɗakin na warin man zafi, labule a sake, kofin shayin safe ya huce a kan kujerar da ba mai zama. Akawu na kwance, yatsunta biyu suna takawa a kan zanin gado, tana ƙirga ɗaya zuwa takwas.

"Ke tela, ina rigata? Ko kin sayar?"

"Wa zai sayi rigar tsohuwa, Yaya?"

"Ɗauko in gwada."

Tela ta kawo dalili uku, duk Akawu ta watsar. Ta je ta ɗauko, ta san hannu ma ba zai shiga ba. Ta tayar da ita zaune, ta zura mata.

Rigar ta zauna mata cif. Ciwo ya riga almakashi yin aikin.

Akawu ta shafa ƙugunta, ta juya gefen rigar ta dubi sabon ɗinkin ta ciki, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe kin lura na rame. Ke kam kin iya aikinki."

Gaskiya ta zo wa tela har baki. Ta haɗiye ta, ta shiga gyara wuyan rigar da ba abin da ya same shi.

"Rataye min ita a ƙusar can, inda zan riƙa ganinta," in ji Akawu. Tela ta rataye, ta kai bakin ƙofa, sai ta ji muryar a bayanta, ƙasa-ƙasa. "Ki ce wa mai ita ta riƙa ɗaga ƙafa in za ta juya. Gefen yana kama dunduniya."

Tela ta tsaya, hannunta a kan labule. "To, Yaya."

Ranar Alhamis da hantsi Akawu ta cika, ba kowa a ɗakin. Ɗan ya iso bayan an gama komai. Mai shirya wasan ya zo gaisuwa, ya yi kukansa na gaskiya, sannan ya ja tela gefe, idonsa a ƙasa, ya tuna mata wasa jibi ne. Ita ta shiga ta sauke rigar a gaban mata masu zaman makoki, ta naɗe ta a ƙarƙashin mayafi ta fita.

A gida ta shimfiɗa ta, ta yayyafa ruwa, ta ɗora dutsen guga. Tururi ya tashi da warin man zafi. Ta jingine dutsen a tsaye, ta zauna a bakin gado har ya huce.