Muryar Baraka

Muttaka ya jira muryarsa ta buɗe irin ta sa'o'insa har ya haura shekara ashirin, ba ta buɗe ba. Gemu ya fito, kafaɗu suka yi faɗi, amma in ya ɗaga murya sai ta tafi sama siririya, garau, ta wuce inda yawancin mata ke tsayawa. Wani likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce ba ciwo ba ne, halitta ce. Sau ɗaya ya yi kiran salla a masallacin unguwarsu ta Nakkasa a Saudiyya. Bai kai ƙarshe ba wani tsoho ya shigo da sanda yana tambayar wace mara kunya ce ta hau lasifika. Daga ranar ya koyi danne muryarsa in zai yi magana, ya kuma rage maganar.

Yayarsa Baraka tana da ƙungiyar mata masu kiɗan biki. Shekarar da aka yi mata tiyatar maƙoƙo muryarta ta dushe, ga 'ya'ya huɗu, ga miji ya rasu. Ita ta kawo shawarar. Ta tsaya gaban mata tana motsa baki, shi kuma yana rerawa daga ɗakin ajiya a bayan dandamali, da makirfo da doguwar waya. Cikin abaya da niƙabi yake shiga, a tsakiyar masu ɗaukar ganguna. Ya kafa wa kansa doka guda: a bakin ƙofa yake cire tabarau ya ba Baraka, don in babu su ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Da aka samu makirfo mara waya sai ya koma cikin mota a waje. Shekara ashirin da uku ke nan. Gidajen da suka fi neman su kuwa su ne masu tsanani, waɗanda ke sa sharaɗi cewa ko a kaset ba sa son muryar namiji a zauren mata.

Bana ya ji muryar ta fara gajiya. Gaɓar da yake hawa ba tunani, yanzu sai ya lallaɓa, wani lokaci ta tsage. Ya san saura shekara ɗaya ko biyu. Abu guda yake so kafin nan: ya tsaya da fuskarsa a buɗe, ya rera, a san shi ne.

Ya samu Baraka bayan la'asar a gidan hayar da suka koma a Rusaifa tun da aka rushe nasu. Tana zuba turaren wuta a ƙananan kwalabe na rabon bikin autarta Shahad.

"Yaya, ranar walima zan yi waƙa a wajen maza."

"Yi mana. Wa ya hana ka?"

"Da muryata."

Ta ajiye cokalin. Ta ce da dusasshiyar muryarta, "Kai, rana ce ta buge ka a hanya?"

"Sau ɗaya. Baiti uku ma sun isa."

"Baiti ɗaya ya isa a gane. Uban ango ya aurar da 'ya'ya mata biyar, duk ni na yi musu. Yana da bidiyon a waya, har kunna min yake yana cewa masha Allah ya Ummu Shahad. Kana buɗe baki zai tuna wa ya shiga cikin matansa da abaya."

"Ban taɓa ganin kowa ba. Ke ce shaida."

"To je ka faɗa masa. Ka ce ya shekh, na shiga kam, amma na cire tabarau." Ta yi wata 'yar dariya ta katse. "Ba ta kaina nake ba, Muttaka, ni na tsufa. Yarinyar nan ce za su dawo min da ita kafin lallenta ya goge. Kuma kai ko iƙama, takardar zama, ba ka da ita. Mutum ɗaya ya kai ƙara, khalas, sai kora daga ƙasar."

Shahad ta leƙo daga ɗaki, hannuwanta a ɗaure cikin leda saboda lalle. Hausarta ba ta da yawa, tana haɗawa da Larabci. "Ya khali, kawuna, za ka sa farar jallabiya ko? Ba wannan ta 'yan dako ba, Allah ya khallik."

"Zan sa, amarya."

Da ta koma ya tambaya, "In ina wajen maza, wa zai yi wa mata?"

Baraka ta jawo jakarta ta fito da ɗan filashi, bai kai tsawon yatsa ba. "Tun bara nake sa ana ɗauka, tun kafin muryarka ta fara tsagewa. Waƙa arba'in da ɗaya. Har tarin da kake yi kafin ta shigar amarya yana ciki."

Ya karɓa ya juya shi a tafin hannu, ya mayar mata.

Kwana tara ya yi yana auna abin. In ya yi shiru, ƙaryar ta zama ita ce gaskiya har abada, don ranar da ya mutu babu wanda zai ce mawaƙi ya rasu. In ya faɗa, ɗaruruwan matan da suka cire mayafi suka yi rawa da zuciya ɗaya za su wayi gari da laifin da ba su yi ba, mazajensu na tambayarsu. Ya nemi hanyar da zai fito da gaskiyarsa ba tare da ta faɗa kan wani ba. Bai samu ba. Duk da haka, ranar walima ya sha zuma da ruwan ɗumi tun safe, kamar yadda ya saba in zai yi aiki.

An yi taron a wata istiraha, gidan biki mai zaure biyu da bango a tsakani. Bayan magariba aka kawo farantan shinkafa da rago. Ana cikin wanke hannu kiɗa ya tashi a wancan gefen, sannan ɗan tarin nan, sannan muryar ta hau, tsaf, yadda take kafin ta fara gajiya. Guɗa ta ɓarke. Maza suka rage hira ba tare da sun ankara ba.

Uban ango, dattijo mai fara'a, ya karɓo makirfon da aka yi addu'a da shi ya nufo shi. "Kawun amarya! Gidanku gidan waƙa ne, kada ka ce babu komai a bakinka. Yalla, ko baiti guda."

Muttaka ya miƙe. Ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya ji maƙogwaronsa a buɗe, a shirye, irin ranakun da ba ya kuskure. Baitin da ke zuwa ta bayan bango ya san inda zai shige shi. Ya dubi ango Ayman, yaro mai kunya, yana gyara rawaninsa yana murmushi. Ya dubi wayoyin da aka ɗaga.

Sai ya danne muryar ƙasa. Abin da ya fito kaushi ne, yana rawa, ya kauce wa kiɗan tun kalmar farko. Ya ja shi haka har ƙarshen baiti. Mutane suka tuntsire da dariya, ba ta mugunta ba, wasu har da tafi.

Uban ango ya dafa kafaɗarsa yana share hawayen dariya. "La ilaha illallah. Ciki ɗaya, amma Allah ya ba yayarka duka, kai ko ɗigo bai rage maka ba."

"Haka ne, ya shekh," in ji Muttaka.

Ya koma ya zauna jikin bango, inda sautin ya fi fitowa. Waƙar shigar amarya ta kai gaɓar da bana ba ya iya hawa. Hannunsa ya kai ga fuska da kansa, ya cire tabarau, ya riƙe su a cinya, babu wanda zai miƙa wa.