Tukunyar da Ta Tuba

Dogo mutumin kirki ne, amma in kana son ranka ya ɓaci da sassafe, tambaye shi yadda yake ganin damina. In hadari ya haɗo ya ce ambaliya ce, in gari ya washe ya ce fari ne. Matarsa Susanna takan ce da tunani noma ne, da tuni an naɗa mijinta sarkin noma.

Bana kuwa sai damuwar ta sami dalili. Gero ya fito kore shar a gonarsa da ke wani ƙauye yamma da Ɗanbatta, sai san huɗa ya taka masa ƙafa. Maɗori ya ɗaure, ya ce ko kallon fartanya kada ya yi. Dogo na zaune a tabarma, ciyawa na can tana cin gero, gonar nan kuwa ita ce tuwon gidan na shekara.

"Baban Goodness, kira gayya mana," in ji Susanna.

"Wa zai zo?" in ji Dogo.

A zamanin babansa, gayya ba ta yiwuwa sai an jera tulunan giya a gindin ɗorawa. Tun da Dogo ya karɓi baftisma giya ta bar gidan, aka kife babbar tukunyar da innarsa ke dafa ta a bayan rumbu, kaji na kwana a gefenta. Sai ya shiga lissafa wa Susanna: dangi irin su Kawu Nomau ba sa ɗaga fartanya sai sun ji ƙamshin tulu, maƙwabta Musulmi na da nasu aikin, 'yan majami'a kuma su nawa ne? A niƙe ɗan geron da ya rage a rumbu a dama kunu, kowa ya ƙi zuwa, ga asara ga abin kunya.

Susanna ta ajiye taɓarya ta dube shi. "Wannan muryar tsoro da ke hira da kai tun asuba, ita ta mutu dominka? Ka shimfiɗa mata tabarma, ka bar Yesu a tsaye a ƙofar gida."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Da yamma ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, ba ta gaggawa irin ta bakin akushi ba. Ya faɗa wa Ubangiji cewa tsoro yake ji, tsoron yunwa da tsoron a ƙi shi. Bai ji wata amsa daga sama ba, amma ƙirjinsa ya yi sauƙi. Daga ranar, duk sa'ad da tunanin ya taso, sai ya ce da ƙarfi, "Na ji ka, amma na riga na miƙa wa Yesu." Har awakin gidan suka saba, suka daina waiwaye.

Ya hau jaki da ƙafarsa a ɗaure, ya kai goron gayyata ga Malam Hadi, maƙwabcinsa mai tara matasan gayya, ya biya ta gidan Kawu Nomau, ƙanin innarsa, ya ajiye nasa. Da ya dawo Susanna ta tambaye shi wace tukunya za a ɗora ranar. Ya buɗe baki zai ce ƙarama, sai ya haɗiye.

"Ɗauko ta Inna."

Aka wanke ta da toka da soso, aka shanya a tsakar gida. Kawu Nomau ya zo wucewa, ya hango tukunyar yayarsa ta kan danga. Nan take aka ga ya ƙara sauri.

Ranar gayya, Dogo na gindin ɗorawa tun kafin rana ta fito, shi kaɗai da sandarsa. Tunanin ya zo ya zauna kusa da shi. Kafin ya gama ba shi amsa sai ya ji ganga. Malam Hadi ne da matasansa, ga 'yan majami'a suna waƙa a bayansu, ga kuma Kawu Nomau da tawagar dangi, kowa da fartanya a kafaɗa da ƙoƙonsa a hannu. Suka jeru a bakin kunya, makaɗi ya zuga su, ciyawa ta ga ta kanta.

Da hantsi mata suka kawo abin sha. Kawu Nomau ya riga kowa miƙa ƙoƙo. Ya kurɓa, ya tsaya, ya leƙa ciki.

"Kai Dogo! Kunun tsamiya a tukunyar yayata?"

Malam Hadi ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Baba, ai tukunyar ma ta tuba."

Gona ta kaure da dariya. Dogo dai ya dubi Kawu Nomau, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Da ma na san ba don ita ba, da ba ku zo ba."

Tsohon ya ɓata rai da gaske. "Ji shashasha. Bara da na kwanta ciwo, wa ya fara shiga gonata? Shekara nawa kana zuwa gayyata kana komawa gida ko kurɓi ba ka yi ba? Goronka ne ya kawo ni. Tukunya sauri kawai ta sa ni." Ya miƙa wa Susanna ƙoƙo. "Ƙaro, 'yata. Ba laifi, sai dai ba ya sa waƙa."

Dogo ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ɗaurin ƙafarsa, yana dariya kuma. Shi da ya yi ta noma wa mutane ba don giya ba, bai taɓa zaton wani zai yi masa haka ba.

Kafin la'asar gero ya tsaya fes, an gama har ƙarshen iyaka. Suna hanyar gida Dogo ya ɗaga kai ya ga sama ba ko ɗigon gajimare. Susanna ta ga bakinsa ya fara motsi, ta tsaya tana jira.

"Na ji ka," in ji Dogo, ya zunguri jaki. "Ka makara, na riga na miƙa."