Ranar da Mubashshir Ya Zo Na Baya a Gayya

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar Mubashshir ya ɗora wa kansa doka: duk gayyar noman da aka yi a Unguwar Lalle, shi zai fara kai ƙarshen kuyyarsa, wato layin shukar da aka ba shi ya nome. Ranar da ya fara yin haka, mai gangar noma ya kira sunansa har sau uku, mahaifinsa ya dafa masa kai a gaban jama'a. Shi ke nan, yaro ya yanke cewa darajar mutum saurinsa ce.

A al'adar gayya kuwa, wanda ya riga gamawa yakan juyo ya tarbi na baya, ya kama masa kuyya daga ɗaya bakin. Mubashshir bai taɓa juyowa ba, sabuwa yake kamawa. Abokinsa Kassimu shi ne na baya kullum, don yana noma yana ba da labari, wani sa'in ma sai ya tsaya ya gama dariyarsa tukuna. Ko a jikinsa.

Bayan shekara talatin, Mubashshir yana da gonaki uku da rumbuna cike, amma ba ya iya zama ya shanye furarsa. Ko ranar salla sai ya leƙa gona. Ga saurin fushi, ga ciwon kai. Likita a Sabon Birni ya ce hawan jini ne, ya rage garaje. Kassimu kuwa gonarsa ɗaya, kumatunsa sai sheƙi suke.

Da aka kira gayya a gonar Malam Ubaidullahi, mai koyar da yaran gari, Adawiyya matar Mubashshir ta ɓoye masa hauya bayan rumbu. Ya lalubo abarsa.

"Maigida, ka ji abin da likita yac ce," in ji ta.

"Za ni yi a hankali. Amma in mutane sunka gan ni baya, mi yas saura gare ni garin ga?"

Tsoron ke nan, kuma da gaske yake jin sa.

Ganga ta tashi, samari suka zuba a guje. Mubashshir ya bi su kamar da, amma bai kai rabi ba jiri ya ɗebe shi. Ya jingina da ƙotar hauya yana haki. Da ya ɗaga kai, kowa ya wuce. Ya sunkuya ya ci gaba da kaftu sannu sannu, kunnensa na jiran dariyar farko.

Sai ya ji ƙarar hauya daga gabansa. Kassimu ne ke tahowa cikin kuyyarsa, gumi sharkaf, hula a karkace, yana numfashi kamar wanda ya turo babur daga garin Isa.

"Kai, ka wahal da ni!" in ji Kassimu. "Yau ko labari guda ban ba da ba, don in riga yaran nan tarbonka."

Hauyoyinsu suka haɗu a tsakiyar gona. Babu wanda ya yi dariya. Samari na can suna tarbar juna, mai ganga ma bai lura ba. Mubashshir ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, daɗi ya kama shi. Ya dubi Kassimu.

"Ashe haka kaka ji duk shekarun nan?"

"Kullum. Kowa ya taɓa tarbona garin ga, kai ɗai nika jira. Da nig ga ba ka da niyya, nic ce bari ni in taho."

Mubashshir ya tuntsire da dariya har da hawaye. Suka zauna nan kan kuyya, aka miƙo musu fura. Ya kafa kai, bai ajiye ƙwaryar ba sai da ya ga gindinta. Sannan ya miƙe ƙafa ya dubi abokinsa.

"To, labarin nan da ba ka ba da ba, ba ni shi. Yau ba ni wani sauri."