Baƙin Ɗigo a Ƙarƙashin Hoton Auta

Shi ya riga kowa ganin ɗigon. Tsoho bai taɓa zama a aji ba, amma mutumin da ambaliya ta tafi da shi ta dawo da shi, gini ya rufta masa ya fito da ƙafarsa, likitoci suka tsaga ƙirjinsa watan jiya ya farka yana neman shayi, ai ba a raina idonsa.

Da hantsi jikarsa mai rubuta manhajar kwamfuta ta zauna kusa da shi a falo, ta buɗe masa hotunan dangi kaf da take haɗawa. Ƙarƙashin kowane hoto akwai lambobi cakuɗe da haruffa.

"Amarya, waɗannan tsutsotsin fa?"

"Lambobin alama ne, Angona, irin ƙirgen sha shida-sha shida na kwamfuta. Kawu ya cike ya turo min. 2605 tauraro ne, na masu rai. 25CF baƙin ɗigo, na waɗanda suka rasu. Bari in juya su ka gani."

Ta danna. Tsutsotsin suka ɓace, taurari suka fito reras. Tana kallon rubutunta, shi yana bin fuskoki, sai ya kwashe da dariya har ɗinkinsa ya motsa.

"Duk bokon naki, kin kashe min ƙane! Auta, wanda na goya cikin ambaliya? Gyara kafin ya ji."

Ta duba, ta sake dannawa. Ɗigon ya dawo.

"Ba daga wajena ba ne," in ji ta a hankali. "25CF Kawu ya sa."

Ta waiga. Mahaifinta na bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa da magani, idonsa a ƙasa.

"Baba," in ji mahaifin nata, "ranar da aka shiga da kai tiyata ne ya rasu. Likita ya ce kada a gaya maka tukuna."

Yarinyar ta toshe baki. Ita ma ba ta sani ba.

Tsoho bai yanke jiki ya faɗi ba. Ya daɗe yana duban ɗigon, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar maganinsa.

"Shi ya sa kullum ake ce min wayarsa ba caji," ya ce. "Amarya, ƙara min girman hoton."

Ya karɓi maganin da hannunsa ya sha. Wanda kuma ya ce ya ga hawaye a idon Tsoho ran nan, ƙofar falon a buɗe take, ya zo ya maimaita a gabansa.