Jaririn San Antonio a Tulun Wake

Kowa a ƙauyen ya san San Antonio waliyyin nemo ɓataccen abu ne, kuma kowa ya san ba ya aiki da lallami. In akuyarka ta ɓata, sai ka cire jariri Yesu daga hannun mutum-mutuminsa ka ɓoye, ranar da ya dawo maka da taka ka ba shi nasa. Doña Eduviges ta sha yi masa haka, a kan makulli, a kan kaza, har a kan haƙoran robar marigayi mijinta. Bai taɓa ba ta kunya ba.

Wannan karon ɗanta Crisóforo ne ya ɓata. Ya tafi arewa zai tsallaka iyaka neman aiki, ya kira ta daga bakin hamada, daga nan shiru. Ta cire jaririn, ta naɗe shi a tsumma, ta cusa cikin tulun wake.

Aka girbe masara, rani ya wuce, aka sake shuka. Waliyyi na tsaye a kan kantar ɗakinta, hannunsa a lanƙwashe babu komai. Ta daina kunna masa kyandir. In tana gasa wainar masara sai ta ba shi baya tana yi masa habaici.

Ranar bikinsa Herlinda, komadrenta, wato uwar baftismar Crisóforo, ta biyo mata su kai waliyyin coci a sa masa albarka. Tana ganinsa ta riƙe baki.

"Haba komadre, haka za ki kai shi gaban Fada, kamar wanda aka yi wa fashi?"

Eduviges ta ce ai fashin ne, kuma shi ya fara. Ta ɗauko tsumma za ta goge shi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Da ta zo kan hannun nan ta ga gizo-gizo har ya yi saƙa a wurin da jaririn ke zama. Tausayi ya kama ta, haushin kanta ya biyo baya.

Ta zura hannu cikin wake har gwiwar hannu, ta zaro jaririn, ta hure masa ƙura, ta maida shi.

"Riƙe naka," ta ce da waliyyin. "Na san yadda abin yake. Amma kar ka ɗauka mun shirya."