Tambayar da Akuya Ta Ƙi Ci

Daren jiya mafarki ya kai ni wani ofishi, inda akuya ta ɗanɗana tambayata ta tofar, ta buga mata hatimi.

Sunana Zinatu, ina aji biyu na babbar sakandare. Malam Tanimu mai koya mana lissafi ya ce duk wanda ya kawo masa tambayar da ba ta da amsa a bayan littafi kafin Juma'a, zai zauna da shi su fara bincike. Tawa a kan dara ce, wasan kakana: idan 'yan wasa biyu ba sa kuskure, wa zai ci, mai farawa ko mai bi? Mako uku tana cikin jakata, ina kunyar miƙa ta.

A mafarkin rana tsaka ce. Ruwa yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, kowa ya kifa laimarsa yana tafiya a kanta. Awaki ne ke riƙe da Ofishin Rajistar Tambayoyi, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce: tambayar da aka riga aka amsa ta nuna, sai a cinye ta. Dattijon da ke gabana ya kawo wadda ya yi shekara arba'in yana kiwo. Loma biyu aka yi mata. Ya yi godiya ya fita.

Magatakardar, wata jar akuya mai tabarau, ta shinshina takardata, ta gutsuri gefe, ta tofar.

"Ɗanya ce," in ji ta. "Tafi da abarki."

Ta danna wa takardar kofato, hatiminsu ke nan. Ni kuwa na juya takardar don in duba amsa, kamar yadda muke yi a aji. Babu komai. Na tambayi inda ake ajiye amsoshi, ta ce a bayan ofis. Na zagaya ginin sau bakwai, duk kusurwar da na sha sai in tarar da ƙofar gaba da layin mutane. Ginin ba shi da baya.

Sai ga ni gindin wata tsamiya mai saiwa a sama. Kakana, Baba Ɗanlami, yana dara da inuwarsa, inuwar kuma tana cin sa. Gurabun sun miƙe har inda ido ya ƙare. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya ba tare da ya ɗago ba.

"Amarya, gurbi talatin za ki haɗiye, ko tara ba ki tauna ba?"

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya bar gurbi tara, ya ce in fara. Na ajiye dutse na farko. Ruwa ya ɗauke shi sama, wasan ya koma kan gajimare, inda kowace hanya ta fito a zane kamar reshen itace. Na fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Saura reshe biyu in ga mai ci.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.

Yau Alhamis, kafin a kaɗa ƙararrawa, na miƙa wa Malam Tanimu takardar. Ya karanta sau biyu, ya juya bayanta ya duba. Ya ce in zo ranar Litinin da duwatsu, don shi ma bai san amsar ba.